Yadda ake gane gwanar jagora a ƙwallon kwando

A filin kokowa ba a daɗewa ana gardama. In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, ƴan kokowar Gidan Rumji da na ƙauyukan kewaye sukan kara, kowa yana gani da idonsa. Wanda ya faɗi an kada shi. Haka aka yi a Tawa cikin 1975, a kokowar ƙasa ta farko: Kantu na Maraɗi ya kada abokan karawarsa, ya zama sarki, magana ta ƙare.

Ƙwallon kwando ba haka yake ba. Mutum biyar ne suke karawa da mutum biyar, ƙwallo kuma ɗaya ne. In an tashi wasa, an san ƙungiyar da ta ci. Amma a cikin biyar ɗin nan, wace ce gwana? Nan ne gardama take.

Filin wasan yana da tsawon metir 28 da faɗin metir 15. A kowane ƙarshe akwai kwando marar gindi, an rataya shi a bisan metir 3 da santimetir 5. Ƙwallon da ya shiga kwando daga kusa maki 2 ne. Akwai wani layi mai kama da baka, nesansa da kwando metir 6 da santimetir 75. Wadda ta jefa daga bayansa, ƙwallo ya shiga, ta samu maki 3. Shi ne jifan nesa. In an yi wa mai jifa laifi, alƙalin wasa yakan ba ta jifan tara, kowane ɗaya maki 1. Ba a gudu da ƙwallo a riƙe. Sai dai a tafi ana buga shi da ƙasa, ko a miƙa wa wata. Wasa kashi 4 ne, kowane kashi minti 10.

Aikin jagora

Cikin biyar ɗin akwai wadda take ɗauko ƙwallo daga gindin kwandonsu ta kai shi gidan abokan karawa. Ita ce jagorar wasa. Sau da yawa ita ce mafi gajarta a ƙungiya. Dogaye suna can gindin kwando suna jira.

Aikinta ya yi kama da na madugu a zamanin fatake. Madugu ba shi ne mai kaya mafi yawa ba, amma shi ya san hanya, shi yake cewa a tashi, shi yake cewa a yada zango. Ita ma jagora ita take cewa a ruga ko a tafi sannu. Tana buga ƙwallo da ƙasa, idonta yana kan mutum tara da suke gabanta. Ta san wadda hannunta ya yi zafi yau, ta san wadda ta gaji. In ta ga ƴar'uwarta ta kuɓuce wa mai tsaronta, sai ta aika mata da ƙwallo. Ƴan mata sun san lugude: in taɓarya ɗaya ta yi saurin sauka ko ta makara, sai su yi karo a turmi. Miƙa ƙwallo ma haka ne. In ya riga, ba kowa a wurin. In ya makara, an riga an toshe hanya.

In jagora ta miƙa, wadda ta karɓa ta ci nan take, ana rubuta wa jagora miƙar ci ɗaya. In kuwa ta jefar da ƙwallo waje, ko aka ƙwace shi daga hannunta, ana rubuta mata ɓari ɗaya. Maki kuma na wadda ta zura ne. Ƴan kallo sun fi tuna wadda ta zura. Wannan shi ne rashin sa'ar jagora tun da aka fara wasan.

Ƴan matan jami'a

Wani malamin motsa jiki, James Naismith, shi ya ƙago wasan a Amurka cikin 1891, da kwandunan zuba ƴaƴan itace guda biyu. A shekarar da ta biyo, wata malama mai suna Senda Berenson ta koya wa ɗalibanta mata. A 1896 ƴan matan jami'o'i biyu suka kara karo na farko, Stanford da Berkeley, aka tashi 2 da 1. Yau irin wannan ci a minti ɗaya ake yin sa.

A 1972 aka yi doka a Amurka. Ta ce duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon fifita maza a kan mata, har a wajen wasanni. Daga nan jami'o'i suka shiga neman ƴan mata masu iya wasa, suna biya musu kuɗin karatu. Yarinya tana karatu, tana yi wa jami'arta wasa, galibi shekara 4. Kowace shekara, a watan Maris da farkon Afrilu, ƙungiyoyi da yawa suke neman kofi ɗaya. Wadda aka ci sau ɗaya ta koma gida.

Yarinyar Iowa

An haifi Caitlin Clark a 2002 a jihar Iowa, ana faɗi Ayowa, ƙasar manoman masara. Ba ta tafi manyan jami'o'in da suka saba ɗaukar kofi ba. Ta zauna jami'ar jiharsu, ta yi mata wasa daga 2020 zuwa 2024. Tsawonta metir 1 da santimetir 83, doguwa ce a cikin jagorori. An san ta da abu biyu. Tana jifa daga wuri mai nisan gaske, taku da yawa a bayan layi. Tana kuma aika ƙwallo daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, ya faɗa hannun mai gudu.

A wasa 139 ta tara maki 3951 da miƙar ci 1144. A watan Fabrairu na 2024 ta wuce Kelsey Plum mai maki 3527. A watan Maris ta wuce Pete Maravich, namiji, mai maki 3667, wanda ya yi shekara fiye da 50 ba a kamo shi ba. Mutane suka yi ta cika filaye. Wasanta na ƙarshe a jami'a, mutum wajen miliyan 19 suka kalle shi a talabijin. Shi ne karo na farko da masu kallon wasan ƙarshe na mata suka fi na maza yawa.

Sai gardama ta tashi. Waɗansu suka ce ba a taɓa yin kamarta ba, ga lissafi nan. Waɗansu suka ce ina kofin? Ta kai wasan ƙarshe sau biyu, an ci ta sau biyu. Kowane ɓangare yana da gaskiya a hannu, amma ba duka ba.

Lissafi yana son a tambaye shi

Manomi ya ce ya samu dami 200, maƙwabcinsa dami 120. Ba a ce na farko ya fi iya noma sai an tambayi girman gonakinsu. Maki ma haka ne. Clark ta yi wasa 139, Maravich wasa 83 kaɗai, domin a zamaninsa ɗalibin shekarar farko ba ya shiga babbar ƙungiya. In aka raba 3951 gida 139, ana samun 28 da saura. In aka raba 3667 gida 83, ana samun 44 da saura. Wannan shi ake kira matsakaici. A jimla Clark tana gaba. A kowane wasa Maravich ya yi mata nisa.

Akwai kuma Lynette Woodard, wadda ta yi wa jami'ar Kansas wasa daga 1977 zuwa 1981, ta tara maki 3649. A lokacin wata hukuma dabam ce take kula da wasan mata, shi ya sa ba a rubuta sunanta cikin littafin hukumar yanzu ba, mutane da yawa suka manta da ita. A zamaninta babu layin maki 3. Sai a 1987 aka kawo shi jami'o'in mata. Ƙwallon da take jefawa ma irin na maza ne, ya fi na matan yau girma da nauyi. To, jifan nesa na Clark da suka shiga 548 ne. Da kowane maki 2 ne, da sai a cire 548 daga 3951, saura 3403. Ke nan da ba ta kamo Woodard ba.

Amma wannan lissafin ma kada a riƙe shi da ƙarfi. Da babu layin, da Clark ba ta riƙa tsayawa can nesa ba, da ta matso kusa. Kowace ta yi wasa da dokar zamaninta. Abin da lissafin ya nuna kawai shi ne, lambobi biyu na zamani biyu ba tiya ɗaya aka auna su da ita ba.

Tambaya ta gaba: sau nawa ta jefa kafin ta tara makin? Mai jifa 30 ta ci 10 ba ta kai mai jifa 15 ta ci 8 amfani ba, ko da makinta ya fi yawa. Kowane jifan da bai shiga ba, dama ce aka hana wata. A nan Clark ta tsaya da ƙafafunta. Cikin jifa 100, wajen 46 suna shiga. Cikin jifan nesa 100, wajen 38 suna shiga. Ga mai jifa daga irin wannan nisa, da masu tsaro biyu a kanta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saura miƙar ci da ɓari, su ne ainihin ma'aunin jagora. In aka raba 1144 gida 139 ana samun 8 da saura. Mai cin maki 28 a wasa ta kuma ba waɗansu ci 8, ba a cika samun irinta ba. Duk da haka ba ita ce ta farko a wannan fanni ba: Suzie McConnell ta jami'ar Penn State ta yi 1307 a shekarun 1980. Ɓarin Clark kuwa yana da yawa, ya wuce 4 a kowane wasa. Masu sukarta sun riƙe wannan. Sai dai mai ɗaukar tulu kullum ita take fasa shi. Ƙwallo yana hannunta kusan kowane hari, kuma tana gwada miƙa mai wuya wadda wata ba za ta ko hango ba. Jagorar da ba ta ɓari sam, wani lokaci tsoro ne ya hana ta gwadawa. Abin dubawa shi ne miƙar ci nawa ake samu a kan ɓari ɗaya. Ta Clark ba ta cika 2 ba. Akwai jagorori masu natsuwa da suka fi ta a nan.

Maganar kofi

A 2023 Iowa ta gamu da jami'ar Karolina ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe. Karolina ta yi wasa 36 a shekarar ba a ci ta ba. Clark ta zuba maki 41, Iowa ta ci 77 da 73. A wannan wasan ta yi wani abu da aka daɗe ana magana a kai. Wata ƴar Karolina, Raven Johnson, tana riƙe da ƙwallo a bayan layi. Clark ta yarfa mata hannu, ta ƙi zuwa tsaronta, wato ba ta jin tsoron jifanta. Bayan kwana biyu jami'ar jihar Luwiziyana ta ci Iowa 102 da 85 a wasan ƙarshe.

Ran 7 ga Afrilu 2024 Iowa da Karolina suka sake gamuwa, wannan karon a wasan ƙarshe. A kashi na farko kaɗai Clark ta ci maki 18. Sai aka ɗora mata Raven Johnson, wadda ta raina bara. Johnson ta manne mata kamar ƙaya a zane. Dab da hutun rabin lokaci ta ƙwace ƙwallo daga hannunta, ta ruga ta zura. A sauran kashi uku Clark maki 12 kaɗai ta ƙara. Jifanta 28 a ranar, 10 suka shiga. Karolina ta ci 87 da 75, ta gama shekara da wasa 38 ba a ci ta ko sau ɗaya ba.

Wanda ya duba takardar wasan zai ga inda aka ci Iowa. In an yi jifa ƙwallo bai shiga ba, wadda ta kama shi an rubuta mata cafka. Karolina ta yi cafka 51, Iowa 29. Kamilla Cardoso, ƴar Barazil mai tsawon metir 2 da santimetir 1, ita kaɗai ta yi 17. Ƴan canjin Karolina, masu tasowa daga benci, sun ci maki 37. Na Iowa ba su ci ko ɗaya ba. Wannan ba laifin jagora ba ne. A wasan langa ma, wanda ake kira ruwa ba ya kaiwa gida sai dawakinsa sun buɗe masa hanya.

A sa Sue Bird a gefe guda. Jagora ce a jami'ar Connecticut, ta ɗauki kofi a 2000 da 2002, kuma a 2002 wasa 39 suka yi ba a ci su ba. Makinta bai kai rabin na Clark ba, ba ta kuwa bukatar ya kai. Da ƙungiyoyin ƙwararru suka zo zaɓen ɗalibai a 2002, cikin shida na farko huɗu daga ƙungiyarta suke, har da ita. Mai irin waɗannan abokan tafiya aikinta ta raba ƙwallo daidai, kuma ta raba. Clark kuwa dole ta raba, dole ta ci. Kayan da aka ɗora musu ba ɗaya ba ne. Wanda ya ce kofi kaɗai ne ma'auni, ya auna ƙungiya ne, bai auna jagora ba.

Mai horar da Karolina, Dawn Staley, ta san wannan. Ita ma jagora ce a jami'ar Virginia. A 1991 aka ci su a wasan ƙarshe, amma ita aka zaɓa gwanar gasa. Da aka miƙa mata kofi a 2024, a gaban jama'a ta yi wa Clark godiya saboda ɗaga wasan mata da ta yi.

Amma masu maganar kofi ba su yi ƙarya duka ba. Rabin wasa tsaro ne, kuma Clark ba ta yi suna a tsaro ba. Abin da Raven Johnson ta yi ran nan kaɗan ne daga cikinsa ya hau takarda. Ba a rubuta jifan da mai jifa ta fasa domin an tsaya mata a gaba. Masu zaɓen ƙungiyar Amurka ta wasannin Olimfik na Paris a 2024 ba su ɗauki Clark ba, suka ɗauki manya da suka daɗe suna wasa tare. Mutane da yawa sun ji haushi. A shekarar nan ta shiga ƙwararru a ƙungiyar Indiana Fever, ta fi kowa miƙar ci, 337, ta kuma fi kowa ɓari, 223. Ba ta sake hali ba.

Wadda ba a yi shelarta ba

Sunan jami'a ma yana ruɗin mai aunawa. Ezinne Kalu, ƴar asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka, ta yi wasa a ƙaramar jami'a, Savannah State. Ba a cika nuna wasanninta a talabijin ba, ƙungiyoyin ƙwararru na Amurka kuma ba su zaɓe ta ba da ta gama. Sai ta tafi Turai. A 2019, a Dakar, Nijeriya ta ci Senegal 60 da 55 ta ɗauki kofin Afirka, aka zaɓi Kalu gwanar gasa. A Paris a 2024 ta ci maki 19 ran da Nijeriya ta kada Ostareliya 75 da 62, ta ci 21 ran da suka kada Kanada 79 da 70. Kafin su, babu ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa shiga cikin takwas na ƙarshe a ƙwallon kwando na Olimfik.

A filin lakwal

Wannan gardama ba ta Amurka kaɗai ba ce. Duk ran da aji zai fitar da ƙungiya, ana yin ta. Akan ɗauki doguwa, akan ɗauki mai yawan jifa, a bar yarinyar da take miƙawa domin ba a ji sunanta ba. Ran wasa kuma a rasa mai kai wa doguwar ƙwallo.

Ko lakwal ɗin da ba ta da kwando tana iya gwada jagora. Akwai wasan miƙa goma. Ƙungiya biyu, biyar-biyar, a fili mai iyaka. Ƙungiyar da ta miƙa sau 10 a jere ba a ƙwace ba, ba ta yar ba, ta samu maki 1. Yara biyu su zauna gefe da allo. Ɗaya yana zana sanda duk lokacin da ƴar wasa ta miƙa daidai, ɗaya yana zana sanda duk lokacin da ta yi ɓari. Sauran ƴan aji su zaɓi yarinya ɗaya, su yi minti 5 suna kallonta, ba ƙwallo ba. Kanta yana sama ko yana ƙasa? Tana aiki da hannu biyu ko da dama kaɗai? Bayan ta miƙa, tana tsayawa ko tana neman sabon wuri? In ƙungiyarta ta yi ɓari, ita ce ta farkon komawa tsaro ko tana tsaye tana faɗa? Wasa ɗaya ba ya isa. Sai an yi sau uku ko huɗu, ana sauya mata abokan wasa, sa'an nan a haɗa abin da allo ya ce da abin da ido ya gani.

Kalmomi da Faransanci

jagorar wasa: meneuse de jeu
miƙar ci: passe décisive
ɓari: balle perdue
cafka: rebond
jifan tara: lancer franc
matsakaici: moyenne

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa gane gwani ya fi sauƙi a kokowa bisa ga ƙwallon kwando?
2. Ku raba 3951 gida 139, ku raba 3667 gida 83. Nawa ne saura a kowane?
3. Jifan nesa 548, kowane maki 3. Maki nawa ke nan? Maki nawa Clark ta samu ta waɗansu hanyoyi?
4. A wasan ƙarshe na 2024, cafka nawa Karolina ta fi Iowa? Me wannan ya nuna game da laifin jagora?
5. Da ku ne masu zaɓen ƙungiyar Amurka a 2024, da kun ɗauki Clark? Ku kawo dalili biyu daga cikin karatun.
6. Ku yi wasan miƙa goma ran motsa jiki. Ku kawo allunan aji, ku rubuta sakamakon da Hausa, sa'an nan da Faransanci.